Agogon Baba Mita

Yatsan Baba Mita ya yi ta gangarowa a kan shafin littafin, har ya zo layi na saba'in da huɗu, ya tsaya cak. Ko takalmi bai cire ba tun da muka shigo da shi daga asibiti. Yana zaune a bakin gado, auduga manne a bayan hannunsa inda aka zare allurar ƙarin ruwa. Matarsa, wadda duk layinmu ke kira Inna, tana ta fama da shi ya kwanta, shi kuwa ya kafe sai an miƙo masa littafi. Ni na miƙa masa, na koma bakin ƙofa na tsaya ina sosa ƙeya.

"Mai Aski," ya ce, bai ɗago ba. "Wannan awa uku cif ɗin, da idonka ka gan ta?"

Na ce da idona na gani.

"Wannan biyu da rabin fa?"

Na ce ita ma.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Shekara talatin da ɗaya ina karanta mita, ɗana. Wuta ba ta san cif ba. Kullum da 'yan mintoci a wutsiyarta."

Sai in faɗi yadda aka yi na jawo wa kaina wannan kunya.

Shagona na aski yana manne da katangar gidansa, shekara tara muna gaisawa safe da yamma. Tsohon ma'aikacin kamfanin wuta ne, irin masu bi gida-gida da biro a kunne suna karanta mita, kafin a kawo mitar kati a sallame su. Sunan aikin ya bi shi har yawancinmu ba mu san na gaskiyar ba. Siriri ne, mai taurin kai, kuma bai taɓa yarda na taɓa masa kai da inji ba, sai reza. Ya ce ba zai zauna a ɗauke wuta a bar shi da rabin kai kamar sauran kwastomomina ba.

Wata rana muka wayi gari kuɗin wuta ya ninka uku. Katin da ke kai ni mako ya koma kwana biyu. Da muka bincika, ashe kamfani ya sa layinmu cikin rukunin masu samun wuta awa ashirin a rana, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta kuma ta amince wa wannan rukuni da sabon farashi. Ranar an sha dariya a shagona, irin dariyar da ta fi kuka ciwo, domin mu dai in mun ga awa biyar a rana mun yi sa'a. Mai walda na tsallaken titi, mutum mai zafin kai, ya ce a tare motar kamfani a sace iskar tayoyinta.  Washegari Baba Mita ya sa rigarsa mai guga ya tafi ofishin hukumar, ya dawo da takarda shafi biyu.

A kan bencin shagona ya karanta mana. Duk wanda ke ganin an sa shi a rukunin da ba nasa ba, ya kawo shaidar awoyin wutar da yake samu na kwana casa'in a jere, babu tsallake. Cikin wata guda za a kira shi zama, shi da kamfani, a saurare su. In ya yi gaskiya a mayar da layin gaba ɗaya tsohon farashi, a biya mutane rarar da aka karɓa. Mai walda ya tambaya wane mahaukaci ne zai zauna kwana casa'in yana gadin ƙwan fitila. Baba Mita ya ninke takardar ya ce ba sai an yi gadi ba.

Yana da wani tsohon agogon bango wanda ba ya cin batir, igiya gare shi da ake sokawa a soket. Kamfanin ne ma ya ba shi kyauta ranar sallama. In akwai wuta ya yi tafiya, in an ɗauke ya tsaya inda yake. Shekaru yana cikin kwali saboda ba shi da amfani a wurin da wuta ke wasan ɓuya. Baba Mita ya kakkaɓe shi ya rataye a falo. Ƙarfe shida na safe zai duba inda hannayen suka kai, ya rubuta, ya mayar da su kan sha biyu, shida na yamma ya sake yin haka. Abin da agogo ya ci, shi ne wutar da aka ba mu. Na tsokane shi na ce idan wuta ta yi awa sha biyu cur, hannu ya zagayo ya dawo inda ya tashi fa? Ya ce ranar da aka yi haka shi zai biya wa duk layin aski.

Haka ya yi kwana sittin da takwas bai tsallake ko ɗaya ba. Sai ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, aka kwantar da shi a asibiti, Inna tana jinya. Kafin a sa shi a mota ya danƙa mini makullin gida da littafin, ya ce shida da shida, ba shida da kwata ba.

Kwana biyar na riƙe amana. Da ma a ce wani babban abu ne ya hana ni a na shidan, da na samu abin faɗa. Ƙwallo na tsaya kallo. Da safe na makara, da yamma shago ya cika, daga nan na ce ai an riga an ɓata, zan gyara. Sai da na yi kwana uku ban leƙa ba. Da na shiga na tarar da agogo a kan bakwai da minti arba'in, ban san ko zagaye ɗaya ya yi ba ko biyu. Na zauna a kujerarsa na raba awoyi gida shida yadda na ga ya yi kama da gaskiya, har ina yaba wa kaina iya lissafi.

Yanzu ga shi yana dubana ba tabarau, ni kuma ƙarya ta ƙare mini. Na faɗa masa komai, har da ƙwallon. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa Inna ta ɗauko masa rula, ya ja layi a kan kwana ukun nan a hankali, ya yi ɗan rubutu a gefe. Sannan ya buɗe sabon shafi ya rubuta kwana na ɗaya.

Na roƙe shi. Na ce saura kwana goma sha uku fa, Baba, wa zai sani? Inna ma ta sa baki, ta ce ya dubi jikinsa. Da labari ya kai wa mai walda, har falon ya shigo da baƙin gilashinsa a goshi.

"Baba, su sun yi ƙaryar awa ashirin a kan takarda mai hatimi, ba su ji kunya ba. Mu ne za mu ji kunyar kwana uku?"

"Su suka yi tasu," in ji Baba Mita. "Ni ba zan kai tawa ta taya su ba."

Mai walda ya fita yana ƙunƙuni, ya yi mako ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba. Ni ma a lokacin haushin tsohon nake ji, don ya fi sauƙi da in ji haushin kaina.

Zagaye na biyu ya zo daidai da tsananin zafi. Baba Mita bai ƙara fita ba, daga gado sai kujerar falo da ke fuskantar agogo. Ni nake hawa kan kujera 'yar tsugune in mayar da hannayen, in faɗi abin da na gani, shi ya sa tabarau ya tabbatar, sannan ya rubuta. Ban ƙara makara ba. Ko ina tsakiyar aski, shida saura biyar zan ajiye inji in ce wa mutum ya yi haƙuri.

A nan na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Ko da akwai wuta, fankarsu a kashe take. Tsohon yana zaune daga shi sai singileti, gumi na bin haƙarƙarinsa, yana jan numfashi da baki, Inna na yi masa fifita da murfin kwali. Na miƙa hannu zan kunna, ya ce in bari. Ashe lissafinsa shi ne, fanshonsa ba ya sayen katin da zai kai su ƙarshen wata a sabon farashi. In kati ya ƙare, mita ta yanke, agogo zai tsaya alhali akwai wuta a layi, littafi ya yi wa kamfani ƙarya. Don haka suka kashe firij, suka cire ƙwan tsakar gida, suka bar wa agogo wutar.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yanzu saboda kada a zalunci kamfani zai dafa kansa? Na je na sayo kati da cinikin ranar, na loda a mitarsu ban faɗa wa kowa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana karanta mita nake so in ɓoye wa. Washegari ya sa Inna ta karanto masa lambar, ya dube ni ya girgiza kai. Ya yarda a kunna fanka daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, in an ci sa'a akwai wuta a lokacin. Sau da yawa babu.

Ranar kwana na arba'in ya ce in zo in yi masa aski. Na kawo reza da sabulu da ƙaramin tawul. Kansa ya yi sauƙi a hannuna, fatar ta saki, sai da na riƙa jan ta da yatsa kafin in ɗora reza. Inna ta fita sayo magani. Idonsa a rufe ya fara magana, kamar da bango yake yi.

Ya ce lokacin yana aiki, akwai ranar da ruwan sama ya tare shi, ya fake a wata rumfa ya cike lambobin layi guda daga kansa. Kowa na yin haka, har suna gare shi a wurinsu, ƙiyasi. A layin akwai wata mata da mijinta ya rasu, tana sayar da ruwan sanyi tana ciyar da 'ya'ya huɗu. Ya rubuta mata fiye da ninkin abin da ta sha. Takarda ta zo, ta kasa biya, aka yanke mata wuta. Da ya koma a watan da ya biyo baya ya ga mitarta ba ta ma kai lambar da ya rubuta ba. In ya gyara, an gane bai je ba, aikinsa na iya tafiya. Sai ya yi shiru. Ya ce da idonsa ya ga an fito da firij ɗinta a kan baro an kai kasuwa, ta gaishe shi ma da ladabi, ba ta san shi ne ba.

"Ko Inna ban taɓa faɗa wa ba," ya ce. "Tun ranar ban sake rubuta lambar da ban gani ba. Kai kuma ka zo ka rubuta mini shida."

Na ce ya yafe mini.

"Na yafe tuni. Kula da kunnena."

Ya rasu ranar kwana na hamsin da biyu. Tun safe babu wuta sai wani ɗan leƙowa da ta yi da hantsi. Zafi ya yi zafi, ko ganyen bishiyar ƙofar gida ba ya motsi. Wajen ƙarfe huɗu Inna ta leƙo ta katanga ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Na same shi a kan gado an tokare masa baya da matasai uku, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Na ce a nemo mota, ya ɗaga yatsa ya hana. Ya tambaya ko agogo na tafiya, Inna ta ce a tsaye yake. Ya ce to kada a manta da shida. Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai addu'a a leɓɓansa. Inna na fifita, ina riƙe da ƙafarsa mai sanyi, har biyar ta ɗan gota. Inna ta ci gaba da fifitar na ɗan lokaci kafin ta ajiye murfin kwalin a kan gado.

Kafin shida gida ya cika da maƙwabta. Na tsaya a ƙofar falo ina duban agogon hannuna, na rasa yadda zan yi in ratsa mata masu kuka in hau kujera. Inna ce ta hango ni. Ta share ido da gefen mayafi ta ce a ba Mai Aski hanya. Na hau, mutane na kallona kamar na zare. Minti ashirin da uku. Na rubuta a ƙarƙashin rubutunsa na safe, na mayar da hannun kan sha biyu.

Daga baya na zauna na yi lissafin da na san bai kamata in yi ba. Kwana goma sha uku da suka rage a zagayen farko, da wata guda na jiran kira, kwana arba'in da uku ke nan. Ya yi hamsin da biyu. Da ban tsaya kallon ƙwallo ba, da ya sa rigarsa mai guga ya je ya faɗi maganarsa da bakinsa. Wannan lissafi har yau bai bar ni ba.

Na cike sauran kwana talatin da takwas. Inna ta dangwala yatsa a takardar wakilci, na kai littafi, aka kira mu zama bayan mako huɗu. Mai walda ya rufe shago ya raka ni. Ofishin hukumar a hawa na biyu yake, janareta na ruri a bayan ginin, abin da ya sa mai walda ya yi tsaki tun daga matakala. Mutum uku ne a kan teburi, shugabarsu wata mata mai furfura a gaban goshi, fayiloli jibge a gabanta har sun kusa rufe ta. Aka kira sunan mai ƙorafi sau biyu. Na miƙe na ce ya rasu.

Lauyan kamfani matashi ne mai fara'a. Ya juya littafin bai fi minti biyu ba ya kai inda aka ja layi. Ya ɗaga ya nuna wa teburi, ya ce ga shi su da kansu sun nuna ana ƙirƙirar lambobi a wannan littafi, kuma agogon bango ba ma'auni ba ne da doka ta sani. Mai walda ya dafe mini gwiwa ya ce in yi shiru. Shugabar ta tambaya rubutun wa ne wanda aka soke. Na ce nawa ne, na faɗi yadda aka yi.

Ta jawo littafin, ta karanta abin da Baba Mita ya rubuta a gefe, a fili: "Ba a gani ba. A fara daga farko." Ta buɗe sabon shafin, ta bi kwanakin da biro ɗaya bayan ɗaya, har inda rubutunsa ya fara karkacewa, har inda ya ƙare nawa ya ci gaba.

"Saura kwana nawa ya gama lokacin da ya soke?"

Na ce goma sha uku.

"Ya san ba shi da lafiya?"

Na ce ranar aka sallamo shi daga asibiti.

Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. Ta ce lauya ya yi gaskiya, doka ba ta ba ta ikon yanke hukunci da agogon bango ba. Amma doka ta ba ta ikon tura na'urar hukuma a ɗaura a taransifomar layinmu na kwana talatin, kuma za ta yi hakan. Kafin nan farashi na nan yadda yake. A hanya mai walda ya ce an dai yi mana wayo cikin ladabi. Ni dai ban san ko gaskiyarsa ce ba.

Sai da aka yi wata biyar. Mai sayar da ƙanƙara na ƙarshen layi bai iya jira ba, ya sayar da injinansa ya tashi. Inna ta tattara ta koma wurin 'yarta a wani gari, ta bar mini makulli kafin a san yadda za a yi da gidan. Sannan wata safiya ɗan aike ya zo da wasiƙa, yana tambayar gidan wani suna da sai da na yi tunani kafin na gane na Baba Mita ne. Na'urar hukuma ta nuna awa huɗu da minti goma a rana, a matsakaici. Littafinsa ya ce awa huɗu da minti shida. An mayar da layinmu tsohon farashi, rarar da aka karɓa kuma an zuba wa kowa a mitarsa. Mai walda ya karanta sau biyu, ya sauke baƙin gilashin a kan idonsa ya koma shago, alhali babu wuta.

Wutar ba ta ƙaru ba, kuɗinta ne kawai ya ragu. Na buga wa Inna waya na karanta mata wasiƙar, ta ce kada in sauke agogon.

Da yamma, shida saura biyar, na ajiye inji na ɗauki makulli, ko da yake babu mai buƙatar lambar yanzu. Mitarsa a bakin ƙofa ta cika da wutar da zai yi shekara yana kunna fanka dare da rana ba ta ƙare ba. Fankar na kusurwa, Inna ta lulluɓe ta da tsohon zani ta ɗaure igiyar a wuyanta. An kawo wuta ina cikin buɗe taga. A falon babu abin da ya motsa sai siririn hannun agogo. Na jawo kujera na hau, na ga biyu da minti goma sha bakwai, na mayar da shi kan sha biyu, na sauko na ja ƙofa.